Saura Kai, Baduku

Duk wanda ya san unguwar bayan kasuwa a Filinge ya san gawon ƙofar gidan Sahabi Baduku, ya kuma san tsofaffi biyun da suke zama a gindinsa da zarar an sallame la'asar. Ɗaya Sahabi ne, dogo siriri, mai faɗa kamar an aiko shi. Ɗayan Na'Allah ne, mutumin Tabla, gajere mai yawan dariya, wanda ya shigo gari yana saurayi da jakinsa na tallan gishiri, ya yi aure ya zauna. Dara ce take haɗa su kullum, a kanta kuma suke rabuwa baram-baram kullum, gobe su dawo kamar ba su ba.

Sahabi ya gaji dukanci a wurin ubansa. Lokacin da yake da ƙarfinsa, da wuya ka leƙa rijiya tsakanin Filinge da Bonkuku ba ka ga gugan da ya ɗinka ba. Yana yin takalmi, da kuben wuƙa, da ragamar raƙumi. Sai aka fara yanka tsohuwar robar ƙafar mota ana yin guga da ita, takalman roba kuma suka cika kasuwa, masu kawo masa aiki suka yi ta raguwa har ya zama sai gyaran abin da ya tsinke. Bai taɓa yafe wa roba ba. Gonarsa ta gero ce ta rufa masa asiri, da ita ya aurar da 'ya'yansa, kuma da idonsa ya fara dusashewa sai ya naɗe kayan aikin ya rataye a ɗaki. Abin da ya rage masa a duniya wanda yake ɗokin wayewar gari dominsa shi ne dara.

Darar tasu ba ta allo ba ce. Rairayi ake tarawa a daddale shi, a tona gurabu da yatsa layi-layi. Sahabi da ƙwallayen aduwa yake wasa, waɗanda suka yi sulɓi don daɗewa a hannu, Na'Allah kuma da tsinkayen kara, yana soka su a tsaye. Wanda ya jera 'ya'yansa uku a layi ɗaya ya ci, sai ya ɗauke ɗan abokinsa guda. Na'Allah, da yake uwarsa Bazabarma ce, ba ya ce mata dara sai dili, don kawai ya ga Sahabi ya sha kunu.

Da can su da yawa ne a gindin gawon. Ana wasa, 'yan kallo sun yi da'ira, kowa yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Suna da wata ƙa'ida da babu wanda ya san wanda ya kafa ta. In aka kira mutum ana tsakiyar wasa, ko haihuwa aka yi masa ko akuyarsa ce ta faɗa gonar wani, ba a share darar. A kifa mata kwando, a ɗora dutse, ta jira shi. Share darar wanda bai dawo ba, a wurinsu, daidai yake da yi masa fatan kada ya dawo. Sai in mutum ya rasu ne abokin wasansa yake shafe gurabun da tafin hannunsa, a yi fatiha, a tona sababbi. Sahabi ya shafe irin wannan darar sau da yawa, har ba ya son a tuna masa. A hankali da'irar ta yi ta tsukewa, ya zama daga shi sai Na'Allah.

Ba mutane unguwar ta rasa ba. A tsallaken hanya akwai shagon Ibrah, inda samari suka kafa fadarsu, da benci biyu da butar shayi a kan gawayi, daga hantsi har dare ba a rasa mutum a wurin. Su ne abin kallon Sahabi, su ne kuma abin faɗansa.

"Dube su hwa, Na'Allah," yakan ce. "Mutum goma bisa benci guda, kowa ya lanƙwashe wuya awa kazar da ruwa ya doka. Guda shina dariya shi kaɗai, na kusa da shi bai san abin da ya ba shi dariya ba. Mu da munka tashi, in abu ya ba ka dariya sai ka raba ma mutane."

"Matsa ɗanka dai, Baduku," Na'Allah yakan amsa. "Wa'azi ba shi hana in cinye ka."

Amma Sahabi in ya ɗauko ba ya saukewa da wuri. A ganinsa hutu abu ne da ake yi da mutum. A zamaninsu in an kai gero rumbu sai a nemi juna, masu kokawa su nufi dandali, masu dara su nufi inuwa, ko wanda bai iya komai ba ya zo ya zauna a yi masa tsiya ya rama. Yanzu kuwa, in ji shi, an ƙera wa kowa abin da zai huta da shi shi kaɗai, an zura masa a aljihu. Ya ce ya je ɗaurin aure, liman yana addu'a, rabin hannuwan da suka tashi sama hoto suka tashi ɗauka. Ya ce yaron da aka raɗa wa suna a gabansa ya wuce shi a kan babur, ya danna masa oda, wai gaisuwa ke nan. Ya ce sun san sunan masu buga ƙwallo na ƙasashen da ba za su taɓa takawa ba, amma ka tambaye su sunan kakan kakansu su yi ta sosa ƙeya. Wasu maganganun nasa gaskiya ne tsagwaronta. Wasu kuwa tsufa ne kawai da ciwon gwiwa, don samarin fadar Ibrah ɗin nan su ne suka ɗauko shi ranar da ya faɗi a bakin masallaci, su ne kuma suke aiko masa da kofin shayi kullum. Yakan shanye, ya ce sukari ya yi yawa.

Abin da ya fi tsana duka shi ne salula, wato wayar hannu, kuma wannan tsanar tana da tushe. Shekarar da matarsa Delu ta rasu, babban ɗansa Mansur yana Abijan wurin nema. Ana zaman makoki aka miƙo wa Sahabi salula aka ce ga Mansur. Ya kara a kunne, ya ji ɗan da Delu ta goya yana yi masa ta'aziyyar uwarsa, motoci suna ta ƙugi a bayansa, yana cewa aiki ne ya riƙe shi amma yana nan tafe. Bai zo ba sai da aka yi damina aka sake wata. Sahabi bai zage shi ba, ya dai miƙa abin ga mai shi. Tun daga ranar ya yanke wa kansa hukunci cewa gaisuwar ciwo da ta mutuwa da ƙafa ake yin su, shi kam ba zai karɓa ta salula ba, ba zai kuma yi wa kowa ta nan ba. Da Mansur ya aiko masa da sabuwa a kwalinta, ya ba autarsa Nasiba, wadda take aure a bayan gidansa, ita ce kuma take kawo masa fura da tuwo.

A wancan makokin Na'Allah ne ya zauna kusa da shi daga farko har aka watse, ba tare da wata doguwar magana ba. Ranar da mutane suka ɗauke ƙafa, gida ya yi tsit, Na'Allah ya fita gindin gawo ya tona gurabu, ya leƙo zaure ya ce, "Hito in cinye ka." Sahabi ya fito. Bai taɓa gaya masa ya gode ba, Na'Allah kuma bai taɓa jira ba.

A farkon wata bazara Na'Allah ya fara rama. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga, dariyarsa ta koma tana ƙarewa da tari. An kai shi wurin likita a nan gari, an ba shi magani, abin bai yi ba. Duk da haka bai fasa fitowa ba, sai dai sun mai da wasan hantsi, don da yamma jikinsa ba ya ɗauka. Wata rana suna tsakiyar wasa, Sahabi ya matse shi a kusurwa yana ta jin daɗi, sai ga mota ta tsaya a bakin hanya. Isufu ne, ɗan Na'Allah da yake aiki a Yamai. Ya durƙusa ya gaishe su, ya ce ya zo ya tafi da Baba babban asibiti, kayansa ma suna cikin mota, direba kuma ba ya son yamma ta yi musu a hanya.

Wasan yana kan Na'Allah. Ya kai hannu kan wani tsinke, ya yi ɗan jim, ya janye.

"Ruhe ta, Baduku. In na komo sai in matsa."

"Gudu dai za ka yi, ɗan Tabla. Ka ga na kama ka."

"Kai ka kama ni? Ruhe ta ka gani."

Isufu ya tallafe shi zuwa mota. Sahabi ya raka su har bakin hanya, yana ta yi wa direba faɗa a kan gudu, don kada ya faɗi wani abin daban. Da motar ta ɓace ya dawo ya dubi darar. Ya san kwando ba zai yi wannan jiran ba, sai ya shiga ɗaki ya ɗauko wani tsohon ƙirgi da ya rage masa tun yana aiki, ya lulluɓe ta, ya danne gefunan da duwatsu, ya kewaye da ƙaya saboda awaki.

Kullum bayan la'asar sai ya fito ya ɗage ƙirgin, ya zauna a gefensa na kullum, ya yi ta nazarin darar. Ya bi duk hanyar da Na'Allah zai iya bi, ya ga babu mafita. Wannan ya faranta masa rai fiye da yadda ya kamaci dattijo. Har maganar da zai gaya masa ranar da zai cinye shi ya tanada.

Wata yamma Nasiba ta zo da sauri, salula a hannu, ta durƙusa a gefensa.

"Baba, Isuhu na. Baba Na'Allah ka son magana da kai."

Sahabi ya mai da hannuwansa baya kamar an miƙo masa garwashi.

"Ce mai ina nan tahe. Ni ba ni gaida Na'Allah cikin ƙarhe."

"Baba, ga shi hwa shina jin ka."

"To shi ji. Da ƙahwata za ni zo in gane shi."

Daga cikin salular aka ji wata 'yar dariya da tari a ƙarshenta. Sahabi ya miƙe ya shige zaure. Nasiba ta tsaya ita kaɗai a gindin gawo tana ba mara lafiya haƙuri.

Ba ƙarya ya yi ba, ya yi niyyar zuwa. Sai dai ya ce ba zai je wa Na'Allah hannu rabbana ba. Ya tuna ƙafafun nan da suka kumbura, ya ce zai ɗinka masa takalmi mai faɗi, mai taushi, irin wanda babu shi a kasuwa. Ya sauko da kayan aikinsa, ya wasa wuƙa, ya sa aka nemo masa jemammiyar fatar akuya. Amma idon da ba ya ganin kafar allura ba ya aikin sauri. Da safe kawai yake iya yi, lokacin da haske yake da kyau, ya soke yatsa ya tsotse ya ci gaba. In ya ɗinka ya shafa ya ji bai kwanta ba sai ya warware. Wani lokacin kuma a ce hanya ba daɗi, motoci sun yi ƙaranci, a dakata tukuna, shi kuwa ya karɓi wannan dalilin hannu biyu. Gaskiyar magana ita ce tsoro yake ji. Na'Allah da ya sani a zaune yake, ya tanƙwashe ƙafa, yana yi masa tsiya. Ba ya son ya je ya same shi kwance an rataya masa ruwa a hannu, ya rasa abin da zai ce masa. Muddin takalmin bai ƙare ba, yana da abin da zai gaya wa kansa.

Sau da yawa bayan nan Isufu ya kira, Nasiba ta daina kawowa, sai dai ta isar da gaisuwa da baki. Rannan ta ajiye masa fura, ba ta tashi ba.

"Baba, Baba Na'Allah ya aiko maka saƙon murya. Ya ce wasa nai na ciki. Ya ce ka saurara ka matsa mai tsinke."

"Dara cikin salula?" Sahabi ya ajiye ludayi. "Yau na ji abin da ban taɓa ji ba. Tsinke nai na, hannu nai ka matsa shi. Aje saƙonki. Shi zo shi matsa da kai nai."

"Baba, muryatai ta yi ƙasa ƙwarai."

"Kul, Nasiba."

Ta murza bakin zanenta. Nasiba ba mai musu da uba ba ce, amma ranar sai da ta faɗa.

"Baba, wanga ba Mansur ba na. Wanga kwance shike, ba shi iya zuwa."

Ta ɗauki ƙwarya ta tafi tana share ido. Abin da bai iya gaya mata ba shi ne, a wurinsa taɓa tsinken Na'Allah da hannun wani kamar yarda ne da cewa mai tsinken ba zai dawo ba. Ya gwammace 'yarsa ta ɗauka taurin kai ne.

Zafi ya kai iyakarsa. Gawo ya fara zubar da ganye kamar yadda yake yi in damina ta matso, inuwarsa ta yi ta raguwa. Manoma suka gama sharar gona suna duban gabas. Sahabi ma yana duba, amma da fargaba, don ya san ƙirgi yana tare akuya da iska, ba ya tare ruwa. Ya ƙara wa aikin takalmin himma. Ƙafa ɗaya ta ƙare, ɗayar saura maɗauri. Ya ce wa Nasiba ta sa mijinta ya kama masa wuri a mota, bayan kasuwa mai zuwa zai tafi.

Ana jibi kasuwa, da hantsi, yana zaune a ƙofar gida da takalmin a cinya, sai ya lura fadar Ibrah ta yi wani irin shiru. Salula guda ake miƙa wa juna daga hannu zuwa hannu, wanda ya duba sai ya ɗago ya dubi wajensa. Ya buɗe baki zai yi faɗan da ya saba, sai ya ga duk sun miƙe. Ibrah ne a gaba. Suka tsallako hanya, suka tuɓe takalma a nesa, suka durƙusa a gabansa.

"Baba, ya haƙuri?" in ji Ibrah. "Allah shi jiƙan Baba Na'Allah, shi sa ya huta."

Sahabi ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ibrah ya ga fuskarsa, nan take ya gane tsohon bai sani ba. Tun da safe Isufu ya sa hoton ubansa da sanarwa a salula, duk unguwar ta gani. Sun ɗauka Nasiba ta gaya masa. Nasiba kuwa tana nan a laɓe bayan katanga tun ɗazu, ta kasa ƙarasowa.

"Yaushe za a kawo shi?" shi ne abin da Sahabi ya fara tambaya.

Aka ce ba za a kawo shi ba. Ga zafi, ga nisa, an riga an yi masa sutura, can Yamai za a rufe shi kafin azahar. Sahabi ya yi salati, ya sunkuyar da kai. Ya wanke abokai da hannunsa, ya ɗauki makarar wasu, ya zuba wa wasu ƙasa, amma wannan ko sallarsa ba zai samu ba. Samarin ba su tashi ba. Suka zauna a ƙasa kewaye da shi har rana ta take, babu wanda ya ciro salula, kuma su ne suka raka shi gidan makoki suna riƙe da shi.

Ya zauna a ƙofar gidan Na'Allah har aka share makoki, yana amsa gaisuwa kamar ɗan'uwa na jini. Tsofaffin da suka san ƙa'idar gindin gawo suna jira su ji ya shafe darar. Bai shafe ba. Bai ma sake ɗage ƙirgin ba, in ya fito masallaci ta bayan itacen yake bi. Faɗa ma ya daina. In an kawo masa shayi daga fada sai ya sha ya mai da kofi bai ce komai ba, wannan kuwa ya fi damun samarin a kan duk zagin da ya taɓa yi musu.

Wata la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta fara kaɗawa, mata suna ta kwashe shanya. Nasiba ta zo ta ce ya shiga ciki, ta same shi a tsaye a gindin gawo yana janye ƙaya da sandarsa. Ya kawar da duwatsun, ya yaye ƙirgin. Darar tana nan yadda suka bar ta, sai dai gurabun sun ɗan cike, tsinke ɗaya ya karkace. Ya zauna a gefensa, ya gyara wa tsinken tsayuwa.

"Saƙon nan shina nan?"

"Shina nan, Baba."

"Sa min in ji."

Ta durƙusa ta nemo shi, ta danna, ta riƙe salular a tsakaninsu. Aka fara jin numfashi, sannan murya, siririya, kamar daga cikin rijiya.

"Baduku, salamu alaikum. Na san ba ka son abin ga, to ka yi haƙuri, ƙahwa ta ƙi ni, baki kaɗai ya rage." Tari ya tsare shi, aka ji Isufu yana cewa sannu Baba. "Kwance nike ina kallon dilin nan cikin kaina, ita ka ɗebe min kewa. Tsinkena na can baya, wanda ke kusa ga saiwar gawo, ja min shi gurbi guda wajen gabas. Kai kullum gaba kaka tsaro, ba ka duban baya, haka kake tun muna samari. An ce takalmi kaka yi min. Ka yi su da hwaɗi hwa, kar ka yi min rowar hwata." Ya yi dariya, ta ƙare da tari mai tsawo. "To, ni na matsa. Saura kai."

Sahabi ya kai hannu. Ya zare tsinken ya soka shi a gurbin gabas. Ya zuba wa darar ido. Da farko bai ga komai ba, don tsinken ya yi nisa da inda ake faɗan, shi ya sa duk zaman da ya yi yana nazari bai taɓa kula shi ba. Can sai ya gani. Matsawar nan guda ta buɗe wa Na'Allah hanyar ci biyu, in Sahabi ya toshe ɗaya ɗayar tana nan.

"Ɓarawo!" ya ce da ƙarfi, yana buga cinya. "Ɗan Tabla, ɓarawo! Ashe nan ka laɓe!"

Ya yi dariya irin wadda rabonsa da ita tun ranar da mota ta tsaya a bakin hanya. Bai san lokacin da ta juye masa ba. Nasiba ba ta taɓa ganin ubanta yana kuka ba, ko ranar da uwarta ta rasu, sai ta kau da kai tana nata. Ya yi mai isarsa, ya share fuska da hannun riga.

"Ƙaƙa a ka maida amsa cikin abin ga?"

Nasiba ta dube shi. Ta san salular Isufu ce a ɗaya gefen, ta san shi ma ya sani. Ta dafe wurin da ake dafewa, ta kai masa kusa da baki.

Mutumin da ya shekara da shekaru yana da abin faɗa a kan kowa da komai ya buɗe baki ya rufe. Maganar da ya tanada ta ranar cin dara ta gudu. Abin da ya fito shi ne abin da aka yi ta roƙonsa ya faɗa duk tsawon bazarar nan.

"Na'Allah," ya ce. "Ya jiki?"

Ya tsaya yana saurare, kansa a karkace, kamar yadda yake yi in yana jiran abokinsa ya matsa. Nasiba ta bar shi ya jira. Sannan ta sauke hannunta a hankali.

Ya ɗauki ƙwallon aduwa guda ya toshe hanya ɗaya, don wasa yana kansa, kuma bai taɓa barin wasa a kansa ba. Yayyafi ya fara sauka, yana huda rairayin nan da can. Nasiba ta ce ya taso, ya ce ta dakata. Ba zai bar wa ruwa wannan aikin ba, nasa ne. Ya zare tsinkayen ɗaya bayan ɗaya ya damƙe su a hannun hagu, ya kwashe ƙwallayensa, ya shimfiɗa tafin hannun dama ya shafe gurabun daga wancan gefe zuwa wannan. Suka ɗaga hannu shi da 'yarsa suka yi fatiha. A tsallaken hanya Ibrah da samarinsa, da suke kwashe benci, suka tsaya suka shafa tare da su.

Nasiba ta kama shi ya miƙe, ta naɗe ƙirgin ta riƙe a hammata. A zaure ya zuba tsinkayen a cikin takalmin da bai ƙare ba, ya rataye shi tare da kayan aiki. Ruwa ya sauko sosai a ranar, washegari gari ya fita shuka. Da la'asar Sahabi ya fito gindin gawo ya zauna a gefensa na kullum. Rairayin ya yi laushi, ya kwanta sumul, irin wanda ake so. Bai tona sababbi ba.